Sunan Farfesa a waya da ragon da ke turke

Wani Alhaji mai turka raguna a Tudun Wadar Zariya ya aiko da tambaya. Ya ce wani dillali ya kawo masa garin da ake barbaɗawa a dusa, wai yana sa rago ƙiba cikin sati uku. Da ya nuna shakku, sai dillalin ya buɗe masa shafin wani Farfesa a waya, inda aka nuna masana sun ambaci bincikensa sau dubbai, ya ce ai daga binciken wannan bawan Allah aka haɗa garin. Alhaji yana son sanin ko wannan ya isa hujja ya saki kuɗinsa.

Alhaji, bai isa ba. Amma gara ka san abin da lambobin nan ke nufi, don kada gobe wani ya sake rufe maka baki da su.

Idan masani ya gama bincike, yakan buga sakamakon a mujallar ilimi. Duk lokacin da wani masanin ya kafa hujja da wannan aiki a cikin nasa rubutun, sai a ƙirga ambato ɗaya. Shafin Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, shi ne wanda aka fi dubawa a jami'o'inmu, kuma ina kyautata zaton irinsa aka nuna maka. A gefen jimillar akwai wata lamba da ake kira ma'aunin h, wadda wani masanin kimiyyar fiziks mai suna Jorge Hirsch ya fito da ita a 2005. In an ce na mutum 20 ne, ana nufin yana da rubuce-rubuce 20 da kowannensu aka ambata aƙalla sau 20. Abu ne mai amfani a wurinsa, kuma ba na raina shi. Wanda ya tara irin wannan adadi ya sha wahala, kuma 'yan'uwansa masana sun karanta shi. Sai dai masana ne ke ƙirga junansu. Ba a tambayi makiyayi ko ɗaya ba kafin a rubuta lambar.

Ga misalin da zai fayyace maka. A fannin ciyar da dabbobi masu tuƙa, da wuya a sami wanda aka ambata kamar Peter Van Soest na Jami'ar Cornell a Amurka, wanda ya rasu a 2021. Tun a shekarun 1960 ya fito da hanyar auna sashen ciyawa mai tauri, wanda dabba ke shan wahalar narkarwa. Wani rubutu da ya yi da abokan aikinsa biyu a 1991 an ambace shi sau dubun-dubata. Me ya sa? Saboda duk ɗalibin da ya niƙa harawa ko karan dawa ya auna a ɗakin gwaji, a Samaru ne ko a Indiya, da hanyarsa ya yi, dole ya ambace shi. Aiki ne babba da ya sauya yadda ake fahimtar abincin shanu a duniya. Amma ba ka sayen komai a buhu saboda shi, kuma yawan ambaton nasa bai gaya maka ko mudu nawa na dusa ragonka zai ci ba. A ɗaya gefen kuma akwai malamai a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, da suka shafe shekaru suna gwada harawar gyaɗa da ta waken lablab a kan tumakin 'Yankasa da jar akuya, suka buga a mujallun gida da mutanen waje ba su cika karantawa ba. Lambarsu a waya ba za ta burge kowa ba, amma abin da suka gano ya fi kusa da turkenka.

Saboda haka in dillalin ya dawo, ka bar zancen girman Farfesa, ka tambaye shi takardar da ta yi magana a kan wannan garin kansa. A kan wace dabba aka gwada shi? Saniyar madara ta Turai da ke cin masarar da aka tsuma a rami ba Bunaji ba ce da ke cin kara a watan Maris. Dabba nawa aka saka a gwajin, kwana nawa aka yi, kuma an ware wasu da ba a ba su garin ba don a kwatanta? Sannan wa ya biya kuɗin binciken? Haka kuma ka duba jikin leda ko akwai lambar rajistar NAFDAC da jerin abin da ke ciki. In ya fara kame-kame, ka gane. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sau da yawa shi Farfesan bai ma san ana yawo da sunansa a kasuwa ba.

Kai da ke Zariya ma ai ba ka da uzuri. Cibiyar NAPRI tana Shika a kan hanyar Funtuwa, tun 1928 ake kiwon gwaji a wurin, kuma a 1976 ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ka ɗauki ledar ka kai wa malaman sashen abincin dabbobi su duba. In kuma ka fi son ganin idonka, ka raba ragunan gida biyu masu kusan girma ɗaya, duka ka ba su maganin tsutsar ciki, abinci iri ɗaya, rukuni ɗaya kawai za ka sa wa garin. Ka rataya sikeli a reshen bishiya, ka sa rago a buhun da aka huda wa ƙafafu, ka auna da safe kafin ya ci komai, duk bayan sati biyu, ka rubuta. Ido yana ruɗi, musamman idon wanda ya riga ya biya kuɗi. Bayan wata biyu ka lissafa naman da ya ƙaru da kuɗin da garin ya ci.

Tun da zancen turka muke, ga abin da aka daɗe da tabbatarwa ba tare da wani gari ba. Rago mai kilo 30 yana cin busasshen abinci wajen kilo ɗaya zuwa ɗaya da ɗan ɗoriya a rana. Kusan rabi ya zama harawa mai ganye, sauran kuma haɗin dusar masara kashi uku da tunkuzar angurya kashi ɗaya, da ɗan gishiri, ruwa kuma kada ya yanke. Kada ka cika masa dusa rana ɗaya, ka riƙa ƙarawa a hankali cikin kwana goma zuwa sati biyu, don ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbinsa su saba. In ka yi gaggawa tumbin zai yi tsami, ya kama zawo, ya daina ci. Wani abin da masu turka ba su cika lura da shi ba: dusa zalla tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, kuma wannan ne ke tara tsakuwa a mafitsarar rago har ka gan shi yana nishi yana ɗiga fitsari. Harawar wake da ta gyaɗa suna gyara wannan, shi ya sa ba a rowarsu ko da sun yi tsada.

Tambaya ta biyu daga wani matashi ne a Giwa mai shanu shida. Ya ce ya karanta cewa ana jiƙa kara da takin yuriya, amma dattawan gidansu sun ce guba ce.

Ɗan'uwa, kai da su duk kuna da gaskiya. Yuriya tana kashe saniya cikin ɗan lokaci in ta ci garinta ko ta sha ruwan da aka narkar da ita. Amma in an bi ƙa'ida, hanya ce da aka gwada a ƙasashe da yawa ta kuma yi aiki. Matsalar karan dawa da bambaron shinkafa ita ce sinadarin gina jikin da ke cikinsu bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ba, alhali tumbi yana bukatar wajen kashi 7 kafin ya narkar da abinci yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga saniya a rani cikinta a cike amma haƙarƙari a waje.

Ka sassare kara gajeje kamar tsawon yatsa. A kowane kilo 100 na busasshen kara, narkar da yuriya kilo 4 a ruwa lita 80 zuwa 100. Ka haƙa rami ka shimfiɗa leda mai kauri, ka zuba kara kaɗan, ka yayyafa ruwan da bokitin ban ruwa, ka tattake sosai, ka sake zubawa, har ya cika. Sai ka rufe ruf, ka danne bakin ledar da ƙasa, domin iskar da yuriyar ke fitarwa ita ce ke tausasa karan, in ta tsere aikin ya tashi a banza. Sati uku ya isa lokacin zafi, da hunturu ka ba shi huɗu. In ka buɗe za ka ga karan ya yi launin ƙasa-ƙasa, ya yi laushi a hannu, warinsa na hawa hanci har ido ya yi ƙwalla. Ka ɗebi na yini ɗaya ka baza a inuwa ya sha iska kafin ka zuba musu, ka mayar da ledar ka rufe. Wanda ya yi baƙi ko fumfuna ka zubar. Ka fara da kaɗan, kada ka ba ɗan maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba, kuma buhun takin ya kasance inda dabba ba za ta kai baki ba. Da ka ga saniya tana dalalar da miyau, jiki na rawa, ciki ya kumbura, ka nemi likitan dabbobi nan take.

Ka kuma yi lissafi kafin ka fara. Da tsadar taki da leda a yanzu, wani lokacin gara ka sayi tunkuzar angurya ko ka tara 'ya'yan gawo. Wannan ma darasi ne daga bincike. A shekarun 1980 cibiyar ILCA, mai binciken kiwon dabbobi a Afirka, ta yi aiki mai yawa a kudancin Kaduna kan killace fili a shuka ciyawar sitailo don shanu su ci da rani. An yi rubuce-rubuce a kai, shanun da suka samu kuma sun amfana, amma kuɗin waya ta shinge da rashin tabbacin mallakar fili sun hana makiyaya da yawa ɗauka.

Wata Hajiya daga Samaru mai kajin ƙwai ta tambaya ko za ta iya sa tunkuzar angurya a maimakon waken suya, tun da ta ji ana yabonta.

Hajiya, wa shanu da tumaki ake yabonta. Angurya tana da wani sinadari, gosifol, wanda tumbin babbar dabba ke rage wa ƙarfi, kaza kuwa ba ta da tumbi. In ya yi yawa ƙwai zai ragu, gwaiduwa ta sauya launi in ƙwan ya kwana biyu. Kazar ƙwai tana bukatar sinadarin gina jiki kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, da kalsiyam wajen kashi 3.5 zuwa 4, kuma tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. In kina son rage kuɗi, ki maye wani sashe na waken da tunkuzar gyaɗa, amma ki fasa ta ki duba ki shinshina. Wadda ta sha danshi tana ɗauke da gubar afulatoksin, irin wadda ta kashe talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960, kuma daga garin gyaɗa ta fito. Ki ɗora buhunanki a kan katako nesa da bango, kada ki sayi abin da zai wuce miki wata ɗaya da damina.

Wani manomi daga Soba kuma ya tambaya ko zai saki awaki a gyauron dawa. Malam, kada ka saki. Ɗanyen tohon dawa, musamman wanda fari ya taɓa, yana da guba mai saurin kisa. Ka yanke shi ka shanya ya bushe sarai, sannan ka ba su.