Ƙwallon tausa yana warware ƙullin kafaɗa, amma ba da ƙarfi ake yi ba

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce akwai wani ƙulli tsakanin wuyanki da allon kafaɗarki ta dama, idan kin yini a gaban kwamfuta sai ya ɗaure har ya haɗa miki da ciwon kai, kuma kin ga ƙwallon tausa mai ƙaya-ƙaya a kanti, kina tambaya ko yana aiki ko ɓarnar kuɗi ne. Yana aiki. Ni tela ce, na daɗe ina duƙe a kan keke, kuma wurin nan da kika kwatanta kusan duk mai ɗinki ta san shi.

Sai dai kada ki yi saurin sayen mai ƙayan. Ki fara da ƙwallon tenis, koren nan mai gashi-gashi da ake samu a shagon kayan wasanni. Faɗinsa bai kai santimita 7 ba, daidai yake zama a kwarin da ke tsakanin ƙashin baya da allon kafaɗa, kuma yana ɗan lotsawa idan an danna shi. Mai ƙayan ni a tafin ƙafa na fi jin daɗinsa, a baya kuwa fata yake damu kafin ya kai ga naman. Akwai wani na roba mai tauri ƙwarai, wannan sai wurin da tsoka ke da kauri kamar ɗuwawu, kuma sai jiki ya saba.

Ki jefa ƙwallon cikin doguwar safa, ki riƙe bakin safar ta saman kafaɗa ya sauka a bayanki, don kada ya riƙa suɓucewa kina binsa ƙarƙashin gado. Ki jingina da bango, ba ki kwanta a ƙasa ba. A bango ke ce mai iko da nauyin: ki matso da ƙafafunki kusa ya ragu, ki ja su gaba ya ƙaru. A ƙasa kuwa nauyin jikinki gaba ɗaya zai hau kan ɗan wuri guda. Ki ɗora hannun damanki a kan kafaɗar hagu kamar kin rungume kanki, allon kafaɗar zai ja gefe ya buɗe miki naman da ke ƙarƙashinsa. Sai ki riƙa lanƙwasa gwiwa kaɗan-kaɗan, ƙwallon yana tafiya, har ki faɗa kan wurin. Ba sai an gaya miki ba, za ki ji shi.

To a nan ne mutane ke ɓata abin. Ana ɗauka ƙullin wani dunƙule ne da za a murƙushe, sai a danna har hawaye. Bayanin da masu gashin ƙashi suka fi bayarwa shi ne, wasu 'yan zaruruwan tsoka ne suka tsuke suka ƙi saki, suka matse ƙananan hanyoyin jinin wurin. Tsokar da ta riga ta tsuke, idan kika ba ta azaba ƙara ƙanƙamewa take yi don kare kanta. Zafin da ake nema shi ne mai daɗin nan, irin wanda idan ana miki tausa za ki ce "yauwa, nan ne". Idan kin ga kina riƙe numfashi, ko kina cije haƙora, ko kafaɗar tana ɗagawa sama da kanta, kin wuce gona da iri, ki sassauta. Ki tsaya cak a kan wurin daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, kina jan numfashi a hankali kina saukewa. Sau da yawa za ki ji zafin yana raguwa alhali ba ki rage dannawa ba. Daga nan ki ɗaga hannun sama ki sauke a hankali 'yan lokuta, ƙwallon yana nan inda yake, sannan ki bar wurin. Minti biyar ya ishi kafaɗa ɗaya. Gara ki yi kaɗan safe da yamma kullum da ki yi rabin awa rana guda ki kwana da tsami. Ɗan tsami washegari ba komai ba ne, amma idan wurin ya kumbura ko jini ya kwanta, ki huta kwana biyu.

Kafin ki fara, ki gasa wurin da tawul da ruwan ɗumi kamar minti goma, naman ya fi saurin saki. Idan za ki shafa man zafi, sai bayan kin gama, kuma kada ki haɗa shi da gashi lokaci ɗaya, yana ƙona fata.

Ciwon kan da kika ambata shi ya fi jan hankalina. Ƙullin tsoka yana da wata ɗabi'a, yana zaune a wuri ɗaya yana aika ciwo wani wuri. Wata likita ce a Amurka, Janet Travell, wadda ta yi wa Shugaba Kennedy aiki a fadarsa, ita da abokin aikinta David Simons suka tsara taswirar wannan abu a littafin da suka fitar a 1983. A taswirar, ƙullin da ke saman kafaɗa, a naman nan da ake tsunkula tsakanin wuya da kan kafaɗa, yana hawa ta gefen wuya, ya bi bayan kunne, ya sauka a gefen goshi. Wanda ke kan allon kafaɗa kansa kuma a gaban kafaɗa ake jin ciwonsa, har mace ta kasa kai hannu baya ta ja zif. Na gefen ɗuwawu yana sauka cinya har ƙwauri, mutum ya rantse jijiya ce ta taɓu. Saboda haka idan kin danna wani wuri kika ji ciwon kan naki ya motsa, wurin aikin ke nan. Shi wannan na saman kafaɗa bango bai cika kama shi ba. Ki tsaya a bakin ƙofa, ki sunkuya, ki sa ƙwallon tsakanin saman kafaɗar da katakon ƙofar, kanki yana leƙawa ta cikin ƙofar, ki tura a hankali.

Akwai wuraren da ƙwallo ba ya zuwa ko kusa. Gaban wuya da gefen maƙogwaro, manyan jijiyoyin jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa ne a nan. Kan ƙashin baya kansa, sai dai naman gefensa. Hammata, bayan gwiwa, da matsematsi. Duk wani kumburi da ke motsi a ƙarƙashin fata, ko kaluluwa, ba na ƙwallo ba ne, na likita ne. Idan kin danna kika ji kamar lantarki ya ja ki zuwa yatsu, jijiya kika hau, ki matsa. Dambubun ƙafa da ya kumbura, ya yi zafi, ya yi ja, musamman bayan haihuwa ko tiyata ko doguwar tafiya a mota, kada kowa ya taɓa shi, yana iya zama gudan jini, kuma tausa na iya tunkuɗa shi zuwa huhu. Mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini, mai sikila a lokacin da ciwo ya tashi, da tsofaffin da ƙashinsu ya yi rauni, su fara tambayar likitansu. Ciwon kafaɗa ko baya da ya zo da nauyin ƙirji, gumi, ko sarƙewar numfashi kuwa, asibiti ake nufa a take.

Na ga wata ta ba ki shawarar shan diclofenac, maganin rage ciwo. Na kwana biyu ba laifi idan likita ya yarda, amma mayar da shi na kullum yana cin ciki, yana taɓa ƙoda, ƙullin kuma yana nan.

Abin da ya fi ƙwallon muhimmanci shi ne abin da ke ɗaura ƙullin kowace rana. Ni sai da na daidaita tsayin kujerata da keken, na daina ɗaga kafaɗa ina tura yadi, sannan sauƙin ya zauna. Ke ma ki duba zamanki. Tun da kafaɗar dama ce kaɗai, ina zargin hannun da kike riƙe linzamin kwamfuta (mouse) da shi yana miƙe nesa babu abin da ya tallafe gwiwar hannun. Ki jawo shi kusa da jikinki, ki ɗora kwamfutar a kan littattafai har saman allon ya zo daidai idonki. Jaka mai nauyi a kafaɗa ɗaya, maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, duk suna cikin lissafi. Duk bayan rabin awa ki miƙe ko da na minti ɗaya ne, ki juya kafaɗun baya.

Idan kin yi mako biyu zuwa uku kina yin haka babu canji, ko hannun ya fara mutuwa, ko ƙarfinsa yana raguwa har abu yana faɗuwa daga hannunki, ki je sashen gashin ƙashi na asibiti mafi kusa. Idan a Kano kike, Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna da shi. Ki tafi da ƙwallon naki ma, su nuna miki wuraren a jikinki.