Faifan xx: yaya kayan kiɗa kaɗan suka cika kunne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon haɗa kiɗa a kwamfuta, sai na ci karo da faifan farko na ƙungiyar The xx ta Ingila. Kayan kiɗan ba su da yawa, amma sautin ya cika kunne. Yaya suka yi, kuma me ya sa har yau ake ambatonsa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Faifan, mai suna "xx", ya fito a watan Agusta 2009, waƙoƙi 11 ne cikin kusan minti 38. Su huɗu ne a lokacin: Romy Madley Croft, Oliver Sim, Baria Qureshi da Jamie Smith, duk 'yan makarantar Elliott da ke Putney a Landan. A wani garejin kamfanin faya-fayan waƙa na XL da aka mayar situdiyo suka naɗe shi, yawanci da dare, Jamie na haɗawa, Rodaidh McDonald na kula da na'urori.

Ƙa'idarsu ita ce ba sa cusa abin da ba za su iya kaɗawa a gaban jama'a ba. Shi ya sa jitar Romy take taɓa tsirkiya ɗaya-ɗaya, sai a bar amsa-kuwwa ta ja sautin. Jitar bes (mai kaurin sauti) ta Oliver a bushe take, wato ba amsa-kuwwa a kanta, ita ce ginshiƙi. Ganguna kuwa da yatsa Jamie ke buga su a MPC, wata na'urar haɗa kiɗa mai maɓallai. Muryoyin mawaƙan biyu, Romy da Oliver, dab da makirufo suke, kusan raɗa.

Inda masu koyo ke tuntuɓe shi ne zuba amsa-kuwwa a kan komai. Da ta hau bes da babbar ganga, sautin ƙasa zai cakuɗe, kalmomi su nutse. Ka sa ta a kan jita kaɗai tukuna, ka yanke mata duk abin da ke ƙasa da hatz 250 (wato sauti mai kauri), ka jinkirta shigowarta da kamar milisakan 30 (milisakan ɗaya bisa dubu ne na daƙiƙa) don bugun farko ya fito sarai. Kuma ka daure ka bar gurbin shiru, wannan ya fi komai wuya.

Game da matsayinsa, ya zo ne lokacin da ƙungiyoyin jita na Birtaniya ke gasar ƙara, su kuwa suka ɗauko taushin kiɗan R&B na Amurka. Faifan ya ci kyautar Mercury, wadda ake ba gwarzon faifan shekara a Birtaniya da Ireland, a 2010, kuma a 2011 Rihanna ta ɗora waƙarta "Drunk on Love" a kan kiɗan "Intro" da ya buɗe shi. A ganinmu ya cancanci wannan suna, musamman ga mai koyo irinka.