Riba a takarda, aljihu babu komai: me mai hannun jari zai yi?

Tambaya: Barista, ina da ɗan hannun jari a wani kamfani. Rahoton kuɗin bana ya nuna riba mai tsoka, amma da na duba sai na ga yawancinta ƙarin ƙima ne da aka yi wa hannayen jarin da kamfaninmu ya mallaka a wasu kamfanoni, alhali bai sayar da ko ɗaya ba. An ba daraktoci ladan ƙwazo a kan wannan riba, mu kuwa aka ce babu rabo. Doka ta yarda da haka? Ina mafita?

Amsa: Malam, rubuta riba kafin a sayar da kadara ba laifi ba ne a kan kansa, sau da yawa ma dole ne. Inda magana take shi ne yadda aka samo lambar, kuma a nan ya kamata ka sa ido.

Ƙasashe da yawa suna bin ƙa'idojin lissafi na ƙasa da ƙasa da ake kira IFRS, waɗanda hukumar tsara su, IASB, mai mazauni a Landan take fitarwa. Biyu ne suka shafe ka. IFRS 9, wadda ta fara aiki a 2018, ita ke faɗin wace kadarar kuɗi za a auna da ƙimar gaskiya, wato kuɗin da za ta yi a kasuwa a ranar awo. Bashin da kamfani ya bayar don ya riƙa karɓar uwar kuɗi da ruwa kawai, ana barinsa a kan asalin kuɗinsa, ana ragewa yadda ake biya. Hannayen jari kuwa da ƙimar gaskiya ake auna su, kuma hawa da saukarsu suna shiga riba da asara, sai in tun ranar saye kamfanin ya zaɓi ya riƙa kai canjin wani sashe na daban a wajen riba. Wannan zaɓi ba a janye shi.

Ta biyu, IFRS 13, ta fito a 2011, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2013, ita ce ta bayyana yadda ake awon. Ƙimar gaskiya ita ce kuɗin da za a karɓa in an sayar da kadarar, ko wanda za a biya in an miƙa wa wani nauyin bashi, a ciniki na lumana tsakanin 'yan kasuwa masu sanin abin da suke yi, a ranar da aka rufe lissafi. Abin da kamfani ya biya lokacin saye ba shi ne ma'auni ba, haka ma fatan da daraktoci suke yi wa kadarar. Cinikin dole na wanda bashi ya shaƙe ma ba ya shiga.

Ƙa'idar ta kasa bayanan da ake awo da su mataki uku. Na ɗaya shi ne farashin wannan kadarar kanta a kasuwar da ake cinikinta a kai a kai: a ninka farashi da adadi, shi ke nan, ba a rage komai don kamfanin yana riƙe da kaso mai yawa. Na biyu bayanai ne da kowa zai iya gani amma ba na kadarar kai tsaye ba, kamar farashin makamanciyarta ko kuɗin ruwan da kasuwa ke bayarwa. Na uku kuwa hasashe ne na kamfanin kansa, kuma hannun jarin kamfanin da ba ya kasuwar hannayen jari kusan kullum nan yake faɗawa. In an haɗa bayanai daga matakai daban-daban, mafi rauni cikin waɗanda suke da tasiri shi ke yanke matakin.

A mataki na uku ake samun ɓarna, domin lamba guda tana iya juya komai. Ɗauki kadarar da ake sa ran za ta kawo miliyan 100 bayan shekara biyar. In an dawo da kuɗin zuwa darajar yau a kan kashi 10 cikin ɗari, ƙimarta kusan miliyan 62 ce. A kan kashi 15, ba ta kai miliyan 50 ba. Fiye da miliyan 12 ke nan tsakani, ba tare da kadarar ta canza ba. Sauran wuraren da ake karkata su ne kumbura hasashen ciniki, kwatanta ƙaramin kamfani da manyan da ba sa'o'insa ba, mantawa da ragin da ya dace da abin da ke da wuyar sayarwa, da riƙe tsohon farashi bayan kasuwa ta juya. Kamfanin Enron na Amurka, wanda ya durƙushe a 2001, ya riƙa rubuta ribar kwangiloli masu dogon zango tun ranar sa hannu bisa hasashen kansa.

Ka duba ɓangaren bashi ma. Ƙimar bashin da ke kan kamfani tana la'akari da yiwuwar ya kasa biya, don haka in amincinsa ya ragu, ƙimar bashin tana faɗuwa, sai ya zama kamar an ci riba. A bashin da kamfani ya zaɓi aunawa da ƙimar gaskiya, IFRS 9 ta ce a mafi yawan lokuta kason canjin ƙima da ya samo asali daga amincin kamfanin a ajiye shi a wajen riba.

Batun rabo kuma, dokokin kamfanoni a ƙasashe da dama ba su yarda a raba ribar da ba ta tabbata ba, saboda kare masu bin kamfani bashi. Hana ku rabo yana iya zama daidai. Abin da bai kwanta mini ba shi ne a ce ribar ba ta isa rabo ba amma ta isa ladan daraktoci. Wanda aljihunsa ke cika in lamba ta hau bai kamata a bar masa zaɓen lambar shi kaɗai ba.

Kafin maganar kotu, koma bayanan da ke ƙarshen rahoton. Dole kamfani ya nuna matakin kowane rukunin kadara, hanyar awon, lambobin hasashen da ya yi amfani da su a mataki na uku, jadawalin yadda ƙimar ta tashi daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, da yadda za ta canza in an sauya hasashe zuwa wani mai ma'ana. Kwatanta da na bara. In an sauya hanyar awo ko an rage kason da ake dawo da kuɗi zuwa darajar yau da shi ba tare da dalili ba, ka samu bakin zaren. Karanta rahoton odita, wato mai binciken lissafin kamfani daga waje, kuma, ka ga ko ya yi togaciya a kan ƙimar.

Daga nan ka rubuta wa sakataren kamfani tambayoyinka, ka ajiye kwafe: wa ya yi awon, ɗan waje ne ko ma'aikaci, kuma wa ya amince da tsarin ladan? Ka maimaita su a babban taron shekara, ka nemi a sa su cikin bayanan taro. Kana iya ƙin amincewa da sake naɗa odita ko daraktoci, kuma in kuka haɗu kuka kai kason da dokar ƙasarku ta gindaya, kuna iya tilasta kiran taro na musamman. Koke ga hukumar da ke sa ido kan rahoton kuɗi ko kasuwar hannayen jari ya fi shari'a sauƙi.

Kotu tana da ƙofofi, amma ƙunci gare su. A ƙasashen da suka gaji dokar Ingila, shari'ar Foss da Harbottle ta 1843 ta kafa cewa in kamfani aka cuta, kamfani ne mai ƙara, don haka sai ka nemi izinin kotu ka shigar a madadinsa, abin da aka samu kuma asusunsa zai shiga. Akwai kuma koken cewa ana tafiyar da kamfani ta hanyar danne ƙananan masu jari. Kai ƙarar odita da sunanka ya fi wuya, domin a shari'ar Caparo da Dickman ta 1990 an yanke cewa nauyinsa yana kan masu jari a dunƙule, ban da mutum ɗaya da ya sayi jari bisa rahoton. Saɓanin ra'ayi kan hasashe bai isa hujja ba. Sai ka nuna sakaci, son kai ko ɓoye gaskiya, da rahoton ƙwararren mai ƙima a hannunka. Ƙara tana da wa'adi, saboda haka ka kai wa lauyan ƙasarku rahotannin shekara uku, kundin dokokin kamfanin da yarjejeniyar masu jari tun yanzu.