Amsa kan tazarar jeri mai ɗigo a takardun bayanin manhaja

Malam, ka tambayi me ya sa jerin da ke cikin README ɗinka (fayil ɗin da ke bayanin manhajarka) wani lokaci yake fitowa a matse a GitHub (dandalin ajiye lambobin manhaja a intanet), wani lokaci kuma a warwatse, da kuma wanne ya fi.

Dalilin yana cikin ƙa'idar CommonMark, wadda ta fito a 2014 don daidaita Markdown, hanyar tsara rubutu da alamomi masu sauƙi da John Gruber ya ƙirƙira a 2004, kuma a kanta GitHub ya ɗora nasa. Da zarar ka bar layi ɗaya fanko tsakanin ɗigo biyu, jerin gaba ɗaya ne ke canzawa: kowane ɗigo ya koma sakin layi mai zaman kansa, tazara ta buɗe daga sama har ƙasa. Duba da kyau, za ka tarar da layin da ya jawo maka haka.

Batun wanne ya fi kuwa, tsawon abin da ke gaban ɗigon ne ke yanke hukunci. Sunayen fayil ko na manhajojin da za a sauke, kalma biyu ko uku, bar su a matse, ido ya kwashe su lokaci guda. Amma idan kowane ɗigo jimla ce, ka tuna da mai karatu a waya: layi ɗaya a kwamfutarka layi uku ne a hannunsa. In tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo ta yi daidai da wadda ke tsakanin layukan ɗigo ɗaya, komai ya cakuɗe, mutum ya tsallake mataki bai sani ba. A takardar girka sabar (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima), wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Ni dai a kullum ina sa tazarar tsakanin ɗigo da ɗigo ta fi ta tsakanin layuka faɗi, kuma in shafin nawa ne, a CSS (harshen tsara kamannin shafin intanet) nake gyarawa, ba da jibga layukan fanko ba.

Abu guda da ya fi ba ni haushi: matakai a jere da ɗigo. In akwai na farko da na biyu, sa lamba. Sannan umarnin da za a kwafa, tura shi ciki ƙarƙashin matakinsa, sarari uku daga farkon layi a ƙarƙashin "1." a GitHub, huɗu in MkDocs (manhajar haɗa shafukan bayani) kake amfani da shi. In ba haka ba jerin ya tsinke, lambobi su iya komawa 1.

Kafin ka tura, buɗe shafin a wayarka ka bi matakan da kanka.