Ga ƙanena mai neman gurbi "ko a wane fanni"

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, in nemo maka gurbi a ɗakin bincikenmu a nan Jamus, "ko a wane fanni ne, in dai za a fita". Gaskiya raina ya ɓaci. Ko tambayar abin da muke yi ba ka yi ba.

To, ka saurara. Aikinmu a kan tirifanosoma ne, ƙwayar da ƙudan tsando ke ɗauka, mai jawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. Ƙwayar halitta ɗaya ce tal, amma tana da ƙashin jikinta. Ƙarƙashin fatarta akwai siraran bututai na furotin mai suna tubulin, faɗin kowanne nanomita 25 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), fiye da 100 a jere, ƙananan furotin sun ɗaure su da juna kamar asabarin da aka naɗe. Ko za ta rabu biyu ba ta warware su, sababbi take cusawa tsakanin tsofaffi. Bulalarta kuwa, wato siririyar jelar da take iyo da ita, daga wani ɗan aljihu take fitowa kusa da ƙarshen jiki, ta bi gefe a manne har gaba, a cikinta bututai tara bibbiyu sun kewaye biyu na tsakiya. Ta aljihun nan kaɗai take haɗiyar abu daga waje. A 2008 masu bincike a birnin Bodo na Faransa suka nuna cewa in aka hana ta yin furotin BILBO1, aljihun ba ya ginuwa, sai ta mutu. Irin wannan lagon muke nema, ko Allah zai sa a dace da magani.

Ba wannan ne zai wahalar da kai ba, wannan a takarda yake. Nau'in da ke rayuwa cikin jini yana ninka kansa kusan duk awa 6 a ɗumi mai maki 37. Ka yi sakaci da su kwana biyu, su cika kwalba su mutu, aikin wata guda ya bi ruwa. Ranar Sallah ina cikin farar riga ina sauya musu ruwa, ku kuna Ƙofar Soro kuna kallon hawa. A hunturu kafin biyar duhu ya yi, ka fito ba mai ce maka sannu da aiki.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne raini. Farkon zuwana wani abokin aiki ya tsaya yana koya min riƙe kwalba kamar ban taɓa shiga aji ba, kuma ba a tuna da ni sai in maganar samo jinin shanu daga Najeriya ta taso. Na haɗiye. Ranar da furotin ɗin da na yi wa alama ya haska kore shar, layi guda a inda bulala ke manne da jiki, shi da kansa ya jawo kujera ya leƙa madubina na ganin ƙwayoyin cuta. Yau ni ake turo wa sababbin ɗalibai, kuma da gumina na samu.

Kada ka bari Baba ya sayar da gonarsa ta hanyar Jibiya. Wanda ba shi da tallafi sai ya nuna kusan Yuro 12,000 na shekara guda kafin a ba shi biza, ka lissafa da naira. Kada ka ba ɗan kamasho ko sisi, neman tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu, kyauta ne.

In da gaske kake, je Kaduna, cibiyar binciken sammore ta NITR, ka roƙa a nuna maka ƙwayar tana wutsil-wutsil cikin ɗigon jini. An wallafa jerin ƙwayoyin gadonta tun 2005, hotunan dubban furotin ɗinta kuma suna shafin TrypTag kyauta. Zaɓi guda ɗaya, ka rubuto min shafi ɗaya kan abin da kake son sani game da shi. In na ga wannan, ni zan kai takardarka gaban farfesa da hannuna. Ka gaida Inna.