Na kusa gama dakta a Ingila, an ba ni fosdok, ga bond na jira na a gida

Wani ɗan'uwa malamin jami'a a arewa ne ya turo wannan. TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ce ta biya masa PhD a Ingila kan lissafin da ke ƙarƙashin koyon na'ura, irin masu zama su tabbatar da yawan bayanan da algoridim ke buƙata kafin a yarda ya koya. Saura kaɗan ya kare tesis, sufabaiza ta samo masa fosdok (aikin bincike bayan dakta) na shekara 2 a can, ga bond (alƙawarin dawowa ya yi wa jami'arsa aiki) ya sa wa hannu, ga Hajiya kullum sai ta tambayi yaushe zai dawo. Tambayarsa ita ce ya tsaya can ne ko ya dawo.

Toh Malam, Allah ya sanya alheri, amma dan Allah kar ka bi masu ce maka kayi shiru kawai ka zauna. Ko ta fuskar takardu ma ba zai yi maka ba, domin dokar Ingila tace duk wanda gwamnati ta biya wa kuɗin makaranta da na zama cikin wata 12 kafin ya nema, sai ya haɗa da rubutacciyar yardar mai ɗaukar nauyinsa kafin a ba shi Graduate biza, wato bizar zama bayan gama karatu. Kaga kenan wasiƙar nan daga gida za ta fito. Ita Graduate ɗin shekara 3 ce ga mai dakta, sau ɗaya ake ba mutum, kuma ba ta cikin shekarun da ake lissafawa a hanyar shekara 5 ta zaman dindindin. Mai bincike irinka gara ya duba bizar Global Talent, wadda hukumomin bincike irin su Royal Society da UKRI ke tsaya wa mutum, ba ta ɗaure ka da wajen aiki ɗaya. In kuma bizar aiki ta Skilled Worker jami'ar can za ta yi maka, tambaye su maganar ATAS (takardar tantancewar tsaro da ake nema wa masu bincike a wasu fannoni) tun yanzu don tana cin lokaci.

Amma abin da yafi damuna ba bizar bace. Akwai waɗanda suka tsaya maka garanto, su za a bi da takarda ranar da ka ɓace, mutum na zaune da iyalinsa a ce za a taɓa albashinsa saboda ya yarda da kai, wannan wallahi ba daidai bane. Kuma ka san TETFund ta dakatar da tura malamai waje daga Janairun 2025, cikin dalilan da ta bayar har da masu tafiya su ƙi dawowa, ƙannenka ne aka rufe wa ƙofa.

Ka rubuta wa shugaban jami'arku ta hannun HOD, ka haɗa da takardar fosdok ɗin, ka nemi hutu ba albashi da ranar dawowa a rubuce, ka faɗi abin da za ka riƙa yi daga can: duba ɗaliban masta ta Zoom, kwas ɗin algoridim ko lissafin da galibi ba mai son ɗauka. In sun ƙi, ko ka dawo ka cika wa'adin, ko ka zauna da su a yi lissafin abin da za ka biya.

Kuma dawowar ba mutuwar bincikenka bace kamar yadda kake tsoro. Masu horar da manyan model su ke kukan GPU (na'urorin lissafi masu ƙarfi) da wuta, kai allo da alli da abokin aiki ɗaya mai amsa imel sun ishe ka rubuta takardar manyan tarukan fannin irin COLT ko NeurIPS. Sai dai kwamitin ƙarin girma a gida jona suka fi ganewa, saboda haka ka riƙa faɗaɗa takardun taro kana kai su jona irin JMLR. Ka shiga ƙungiyoyin masu binciken koya wa na'ura harsunanmu irin HausaNLP da Masakhane tun kana can, ka nemi zuwa taron masu koyon na'ura na Afirka, Deep Learning Indaba, nan za ka samu yaran da za ka horar.

Ita kuwa Hajiya, kar ka ce mata "an kusa", kira ta ka faɗa mata wata da shekara, bayan wasiƙar jami'a ta fito.