Amsa ga ƙane a Yamai kan girka ƙunshin LaTeX da cire shi

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ka ce kana Jami'ar Abdou Moumouni, kana shirin tahowa Faransa karatun lissafi, malamin da zai duba aikinka ya turo samfurin LaTeX (manhajar tsara rubutun kimiyya da aka gina kan TeX), amma da ka gwada shi sai LaTeX ya tsaya da cewa bai ga siunitx.sty ba, wato fayil ɗin ƙunshin rubuta lambobi da ma'aunai, kuma tlmgr, mai girka ƙunsoshin TeX Live, ya ƙi girka shi.

Fara gano ta wace ƙofa TeX ya shigo kwamfutarka, don nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe. In Ubuntu gare ka kuma da apt (mai girka manhajojin Ubuntu) ka girka, to apt ne mai gida, tlmgr ba shi da iko a babban rumbu. Buga wannan a tarminal:

sudo apt install texlive-science texlive-lang-french

siunitx yana cikin na farko, Faransancin babel (ƙunshin harsuna) a na biyu. Cirewa kuwa sudo apt remove ne da sunan ƙunshin. Don Allah kada ka gauraya hanyoyin biyu, apt da tlmgr, sai sabon ƙunshi ya hau kan tsohon tushe, kurakurai su yi ta fitowa ba ka san mafarinsu ba.

In kuwa TeX Live ka ɗauko daga tug.org, tlmgr ne naka:

sudo tlmgr update --self
sudo tlmgr install siunitx

In sudo ya ce bai san tlmgr ba, ba shi cikakkiyar hanya, misali /usr/local/texlive/2024/bin/x86_64-linux/tlmgr. Ka lura sunan fayil ba kullum ne sunan ƙunshi ba: tikz.sty yana cikin pgf. Tambaye shi da tlmgr search --global --file tikz.sty. Bayan girkawa, kpsewhich siunitx.sty zai nuna inda fayil ɗin yake. In ya yi shiru, bai shiga ba.

Ina zaton shekara ce ta kama ka. TeX Live sabo yake fitowa duk shekara, kuma tlmgr na 2023 ba ya karɓa daga rumbun 2024. Ko ka girka sabon, ko ka maida tlmgr ɗinka taskar tarihi ta shekararsa, babban fayil tlnet-final, da umarnin tlmgr option repository. Ana tsakar rubutun kundi, na biyun ya fi, kada tsarin shafuka ya sauya maka.

Wajen cirewa a yi hattara. Fara da tlmgr remove --dry-run siunitx ka ga abin da zai tafi. Sau da yawa zai ƙi saboda wani tarin ƙunsoshi ya dogara da shi. Ƙarin --force zai cire shi, amma daga nan update --all ba zai dawo da shi ba sai ka sake install da kanka.

Fayil ɗin .cls (tsarin samfurin) na malaminka ba ya rumbun kowa. Ajiye shi a ~/texmf/tex/latex/, TeX zai gan shi ba sai an yi texhash (sabunta jerin fayiloli) ba. Share shi kawai shi ne cirewa.

Cikakken TeX Live ya haura gigabait 7. Da tsadar intanet da ɗaukewar wuta lokacin zafi a Yamai, ɗauki scheme-small, wato ƙaramin zubin TeX Live, ka riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya, sauran ka cika in ka iso. Ka turo mini layin farko da tlmgr --version ya nuna.